Ciniki a kasuwannin kuɗi: abin da bincike ya gano game da masu cin riba da masu faɗuwa

A watan Maris na shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan sabuwar dokar zuba jari ta Najeriya, wadda ta sanya kuɗin kirifto da sauran kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun, ga masu kafa tsarin damfarar nan da ake biyan mutanen farko da kuɗin waɗanda suka shigo daga baya. Makonni kaɗan bayan haka, cikin watan Afrilu, dandalin CBEX ya rufe da kuɗin ɗimbin jama'a, bayan ya yi ta alkawarin ninka wa mutum jarinsa cikin kwana 30. Waɗannan abubuwa biyu da suka zo a jere sun jefa mutane da dama cikin ruɗani. Wasu sun yanke hukuncin cewa duk wata hada-hadar kuɗi ta wayar hannu damfara ce. Wasu kuma sun ɗauka cewa tunda doka ta san da harkar yanzu, abin da ya rage wa mutum shi ne ya sami dandali mai rajista, ya biya kuɗin koyo, ya shiga kwasar riba.

Akwai tambayar da ta ɓace a tsakanin ɓangarorin biyu. Idan dandalin na gaskiya ne, dillalin ba ya ha'inci, farashin da ke kan allo ma sahihi ne, mene ne ke faruwa da kuɗin mutumin da ya zauna yana saye yana sayarwa? Masana tattalin arziki sun shafe fiye da shekara 100 suna bibiyar wannan tambaya, kuma tun daga shekarun 1990 suka fara samun damar duba ainihin bayanan asusun dubban mutane a hannun dillalai. Sun saɓa sosai kan dalilin da ke motsa farashi, amma sun kusa haɗuwa a kan makomar mai ƙaramin jari da ke yawan ciniki.

Bambancin zuba jari da ciniki

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saya yana da rabo a ribar da kamfanin ya samu, haka nan yana da rabo a faɗuwarsa. Mai zuba jari shi ne wanda ya sayi irin wannan kadara ya riƙe shekaru, yana jiran rabon riba da bunƙasar kamfanin. Mai ciniki kuwa, wanda matasa ke kiran sana'arsa tiredin, bai damu da abin da kamfanin ke sarrafawa ba. Burinsa ya saya yanzu ya sayar anjima, ko gobe, ya ci tazarar da ke tsakanin farashi biyu.

Wannan bambanci yana da nauyi a lissafi. Masu riƙe hannun jarin kamfanin siminti ko na sadarwa za su iya samun riba dukkansu a lokaci guda, domin kamfanin yana sayar da kaya yana kawo kuɗi daga waje. A cinikin canjin kuɗi na ɗan gajeren lokaci da ake kira foreks, da cinikin yarjejeniyoyin da ake ƙullawa kan inda farashi zai dosa, babu wata masana'anta a baya da ke samar da ƙarin dukiya. Duk nairar da wani ya ci, daga aljihun wani ta fito, kuma kafin ta isa hannunsa dillali ya riga ya cire la'adarsa. Idan aka haɗa masu cinikin baki ɗaya, jimillar abin da suka fita da shi dole ya gaza abin da suka shiga da shi.

Kalma ta ƙarshe da za a yi ta cin karo da ita ita ce ma'aunin kasuwa, wato alƙalumman da ke nuna matsakaicin tashi da saukar hannayen jari masu yawa a dunƙule, kamar S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka 500. Da shi masu bincike ke auna kowa. Wanda ya ci ribar kashi 10 cikin 100 a shekarar da ma'aunin ya tashi da kashi 18, a wurinsu faɗuwa ya yi, domin da ya sayi kasuwar gaba ɗaya ya kwanta barci, da ya fi haka samu.

Ko ana iya hasashen farashin gobe?

Wani ɗalibin lissafi Bafaranshe mai suna Louis Bachelier ne ya fara ɗora tambayar kan mizanin ilimi, a kundin digirinsa na shekarar 1900 a birnin Paris, inda ya nuna cewa motsin farashi na gaba ba ya bin sawun na baya. A shekarar 1933 Alfred Cowles ya tattara shawarwarin da kamfanoni da mujallun hasashe na Amurka suka bai wa masu biyan su kuɗi tsakanin 1928 da 1932, ya gano cewa a dunƙule ba su fi wanda ya yi canki-canki ba.

Eugene Fama na Jami'ar Chicago ne ya haɗa waɗannan sakamako wuri guda a shekarar 1970, cikin ra'ayin da ke cewa kasuwa tana saurin haɗiye labari. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce ga duk wanda ya san kasuwar hatsi. Idan labari ya iso Dawanau da safe cewa ambaliya ta cinye gonakin wake, ba za a jira mako guda kafin buhu ya tashi ba. Kafin azahar dillalai sun riga sun ƙara kuɗi, kuma wanda ya ji labarin da yamma ya makara. A kasuwar da dubban ƙwararru da na'urorinsu ke gadi dare da rana, wannan tazara ba ta kai daƙiƙa guda. Saboda haka abin da zai motsa farashi gobe shi ne labarin da bai riga ya fito ba, wanda kuwa babu mai iya saninsa yau.

An gwada wannan ra'ayi a kan ƙwararrun da ake biya domin su juya kuɗin jama'a. Michael Jensen ya duba asusun haɗaka 115, wato waɗanda ke tara kuɗin mutane da yawa ƙwararru su juya, daga 1945 zuwa 1964, ya tarar cewa a matsakaici ba su iya wuce kasuwa ba. William Sharpe ya bayyana dalilin a shekarar 1991 da lissafin da bai wuce na firamare ba: tunda masu zaɓen hannun jari su ne kasuwar idan aka haɗa su, matsakaicin ribarsu kafin a cire kuɗin hidima daidai yake da na kasuwa, bayan an cire kuwa dole ya zama ƙasa. Kuɗin hidimar da ake rainawa yana da cizo idan shekaru suka ja. Miliyan 1 da ke ƙaruwa da kashi 10 kowace shekara za ta kai kimanin miliyan 17.4 cikin shekara 30, amma idan ana zaftare kashi 2 duk shekara, miliyan 10 da 'yan kai kawai za a samu.

Daga nan ne John Bogle ya kafa asusun da ba ya zaɓe, wanda ke sayen dukkan kamfanonin da ke cikin ma'auni da kuɗin hidima kaɗan. Lokacin da kamfaninsa na Vanguard ya buɗe shi a 1976, dala miliyan 11 kacal aka tara, aka kuma yi ta yi masa ba'a. Shekaru bayan haka attajirin nan Warren Buffett ya yi fare na dala miliyan 1 cewa irin wannan asusu zai doke zaɓaɓɓun asusun ƙwararru cikin shekara 10. Daga 2008 zuwa 2017 asusun ma'auni ya ƙaru da kusan kashi 126, na ƙwararrun kuma da kimanin kashi 36.

Masu cewa kasuwa ma tana ruɗewa

Robert Shiller na Jami'ar Yale ya tunkari batun ta wata fuska a shekarar 1981. Ya ce idan har farashi yana nuna ainihin darajar kamfani ne, bai kamata ya riƙa hawa da sauka fiye da yadda rabon ribar da kamfanonin suka biya daga baya ya sauya ba. Da ya jera alƙalumman shekaru masu yawa, sai ya ga farashi yana tsalle ninkin ba ninkin, alhali rabon ribar yana tafiya a natse. Ranar 19 ga Oktoban 1987 ta ƙara wa hujjarsa ƙarfi, domin ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin yini guda ba tare da wani gagarumin labari ba. Shiller ya aika wa masu zuba jari takardun tambayoyi a kwanakin, kuma abin da ya fi fitowa daga amsoshinsu shi ne faɗuwar farashin kanta ce ta tsorata su, kowa na sayarwa don ya ga ana sayarwa.

Misalin da ya fi wuyar karewa ya faru ne ranar 2 ga Maris na 2000. Kamfanin 3Com ya sayar da ɗan yanki na reshensa mai suna Palm, ya riƙe kusan kashi 95, ya kuma sanar cewa duk mai hannun jarinsa guda zai sami kimanin hannu ɗaya da rabi na Palm nan gaba. A ranar, hannun jarin Palm ya rufe a kan dala 95, wanda ke nufin hannun jarin 3Com bai kamata ya gaza dala 145 ba. Amma a kan dala 82 ya rufe. Tamkar a ce saniya da ɗan maraƙinta a haɗe sun fi ɗan maraƙin shi kaɗai araha. Owen Lamont da Richard Thaler, waɗanda suka yi nazarin lamarin, sun nuna cewa ƙwararru sun ga kuskuren sarai, sai dai ba su sami isassun hannayen jarin Palm da za su ara su sayar, su mayar bayan farashin ya sauka ba, shi ya sa ya daɗe bai gyaru ba.

Wannan shi ne abin da ya hana ra'ayin Shiller zama hanyar samun kuɗi cikin sauƙi. Mutum zai iya gane cewa farashi ya kauce, amma kaucewar ta ƙaru kafin ta dawo, jarinsa ya ƙare a hanya. Haka ya faru da asusun LTCM, wanda Myron Scholes da Robert Merton, masu lambar Nobel ta 1997, ke cikin jagororinsa. Da Rasha ta kasa biyan bashinta a 1998, asusun ya durƙushe, sai da manyan kamfanonin kuɗi 14 suka haɗa dala biliyan 3.6 aka ceto shi.

Magoya bayan Fama suna da amsa. Suna cewa abin da ake kira ruɗewa sau da yawa ladan ɗaukar kasada ne, kuma ba za a iya cewa farashi ya kauce ba sai an fara amincewa da yadda ake lissafin farashin da ya dace, wanda shi kansa ana jayayya a kai. Suna kuma tambaya: in da gaske kumfa, wato tashin farashi fiye da ainihin darajar kaya, tana da sauƙin ganewa, me ya sa masu ganinta ba sa iya faɗin ranar fashewarta? Kwamitin Nobel bai raba gardamar ba. A 2013 ya bai wa Fama da Shiller lambar tare, haɗe da Lars Peter Hansen, bisa fahimtar cewa farashin kwanaki ko makonni ba ya hasasuwa, amma na shekaru masu yawa yana da ɗan abin da za a iya hangowa.

Abin da bayanan dillalai suka tona

Ɓangaren binciken da ya fi shafar talaka shi ne wanda ya bar batun kasuwa ya koma kan mutumin da ke cikinta. Tushensa aikin masana halayyar ɗan Adam biyu ne, Daniel Kahneman da Amos Tversky, waɗanda suka nuna a 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa, kuma gwaje-gwajen da suka yi daga baya sun kimanta bambancin da kusan ninki biyu. Sun kuma gano cewa mutumin da ke cikin riba yana son ya tabbatar da ita nan take, amma wanda ke cikin asara a shirye yake ya ƙara kasada don kada ya amsa cewa ya faɗi.

A ɗauki mutumin da ke da hannun jari a kamfanoni biyu, kowanne ya saya a kan naira 100,000. Ɗaya ya tashi zuwa 130,000, ɗayan ya sauka zuwa 70,000, sai ga kuɗin makarantar yara ya taso. Mafi yawan mutane na farkon za su sayar, suna cewa na biyun a bar shi ya dawo tukuna. Terrance Odean ya duba asusu 10,000 a wani kamfanin dillanci na Amurka daga 1987 zuwa 1993, ya tarar cewa haka ake yi: yiwuwar sayar da wanda ya tashi ta fi ta wanda ya faɗi da kusan rabi. Abin da ya biyo baya ya fi jan hankali, domin a shekarar da ta biyo, hannayen jarin da aka sayar sun fi waɗanda aka riƙe samun riba da kashi 3.4. Kasuwa ba ta san nawa mutum ya saya ba, amma shi wannan adadi ne ke jan ragamar shawararsa.

A shekarar 2000 Odean da Brad Barber sun faɗaɗa binciken zuwa gidaje 66,465, daga 1991 zuwa 1996. A lokacin kasuwa tana bayar da kashi 17.9 a shekara. Matsakaicin gida ya sami kashi 16.4, amma rukunin da ya fi kowa yawan saye da sayarwa kashi 11.4 ya tsira da shi. Kafin a cire la'ada da tazarar farashin saye da na sayarwa, ribar rukunonin ba ta da wani bambanci sosai, wato yawan cinikin ne ya cinye ribar. Masanan sun danganta hakan da yarda da kai fiye da kima. A wani binciken na 2001 sun gano cewa maza sun fi mata yawan ciniki da kashi 45, kuma hakan ya fi rage musu riba. A ƙasar Finlan, Mark Grinblatt da Matti Keloharju sun haɗa bayanan kasuwa da na hukumar hanya, suka ga waɗanda aka fi ci tarar gudun wuce sa'a da mota su ne kuma suka fi yawan ciniki.

Alƙalumman masu cinikin yini, waɗanda ke saye su sayar kafin kasuwa ta tashi, sun fi waɗannan muni. A Taiwan, inda aka bi dukkan cinikin kasuwar daga 1992 zuwa 2006, ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne ke iya maimaita cin riba shekara bayan shekara idan an cire kuɗin hidima. A Birazil, Fernando Chague da abokan aikinsa sun bibiyi waɗanda suka fara wannan ciniki tsakanin 2013 da 2015. Daga cikin mutum 1,551 da suka jure fiye da kwana 300, kashi 97 asara suka yi, kuma kashi 1.1 kacal ne suka sami abin da ya wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar. Wannan sakamako ya taɓa maganar da masu koyarwa suka fi yi, cewa asarar farko kuɗin makaranta ce, domin masanan ba su ga alamar cewa daɗewa a harkar tana ƙara iyawa ba. A Indiya, hukumar SEBI mai kula da kasuwar hannun jari ta sanar a Satumban 2024 cewa kashi 93 na ɗaiɗaikun masu cinikin yarjejeniyoyin hannun jari sun yi asara cikin shekara uku, jimillar kuɗin ta haura rufi tiriliyan 1.8.

Abin da ke hanzarta faɗuwar shi ne ninkin jari da dillali ke bayarwa. Wanda ya ajiye naira 100,000 aka ba shi damar ciniki da ninki 100, yana juya naira miliyan 10 ne. Idan farashi ya matsa da kashi 1 zuwa inda yake so, jarinsa ya ninka. Idan ya matsa da kashi 1 zuwa ɗaya ɓangaren, uwar kuɗin ta tafi baki ɗaya, na'ura za ta rufe cinikin da kanta, ko da farashin zai juyo bayan minti goma. Motsin kashi 1 kuwa abu ne da manyan kuɗaɗen duniya kan yi cikin yini ko 'yan kwanaki.

Sa'a ko gwaninta

Babu mai musun cewa wasu suna ci. Sanford Grossman da Joseph Stiglitz sun nuna tun 1980 cewa dole ne a sami ɗan lada ga masu wahalar tono bayanai, in ba haka ba babu wanda zai tono, farashi kuma ba zai nuna komai ba. Asusun Medallion da masanin lissafi Jim Simons ya kafa ya shafe shekaru da dama yana cin riba mai yawa, sai dai yana aiki ne da tarin masana da na'urori masu tsada, kuma ya daɗe da rufe ƙofarsa ga mutanen waje. Irin waɗannan ne ke ɗaya gefen cinikin lokacin da mai wayar hannu ya danna saye.

Wahalar ita ce rarrabe gwani da mai sa'a. Idan mutum 1,024 suka yi ta jefa kwabo sau 10, ana sa ran ɗaya daga cikinsu zai dace a kowane jifa, kuma shi ne za a gani a Facebook ko TikTok riƙe da makullin mota, sauran 1,023 sun yi shiru. Hausawa sun ce sa'a ta fi manyan kaya, amma sa'a ba ta koyuwa, ba ta kuma sayuwa a rukunin Telegram. Akwai alamar da binciken ya tabbatar: riba mai yawa ba ta rabuwa da hawa da sauka. Ribar da ke zuwa daidai wa daida kowane wata ita ce ta sa Harry Markopolos ya yi ta kai ƙarar Bernard Madoff ga hukumomin Amurka tun shekarar 2000, shekara takwas kafin asirinsa ya tonu.

Inda binciken kansa yake da rauni

Adalci ne a faɗi cewa masanan ma ba su tsira daga kuskuren da suke gani a wurin wasu ba. Campbell Harvey da abokan aikinsa sun ƙirga dalilai 316 da mujallun ilimi suka wallafa a matsayin masu hasashen riba, suka ce da yawansu dacewa ce kawai, irin wadda ke fitowa idan aka yi ta juya alƙaluma har sai wani abu ya bayyana. David McLean da Jeffrey Pontiff sun bi dabaru 97 suka ga ribarsu ta ragu da kashi 58 bayan an wallafa su. Dabarar da ta shiga hannun kowa ta daina aiki, balle wadda ake sayarwa a kwas na mako biyu.

Rauni na biyu shi ne yawancin shawarar a saya a riƙe an gina ta ne kan tarihin Amurka, ƙasar da kasuwarta ta yi fice a ƙarni na 20. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a Disambar 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. A Amurkar ma, Hendrik Bessembinder ya gano cewa daga 1926 zuwa 2016 kimanin kashi 4 na kamfanoni ne suka samar da dukkan ƙarin dukiyar da kasuwar ta bayar. Wanda ya riƙe kamfani biyu ko uku kawai, akwai yiwuwar babu ko ɗaya daga waɗannan a hannunsa, kuma wannan ne ya sa rarraba jari, wanda Harry Markowitz ya shimfiɗa lissafinsa a 1952, ya zama darasin da ɓangaren Fama da na Shiller ba sa jayayya a kansa.

Abin da hakan ke nufi ga mai ƙaramin jari

Najeriya ta riga ta ɗanɗana wani ɓangare na wannan. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya kai 66,371, a lokacin da bankuna ke bai wa jama'a rance su sayi hannun jari, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama suka shiga don sun ga maƙwabta sun shiga. Cikin shekara guda ya faɗo zuwa kusan 20,000. Bai sake wuce matsayinsa na 2008 ba sai Agustan 2023, kuma a tsakanin darajar naira ta zube ƙwarai, ta yadda wanda ya jira shekara 15 adadin kuɗinsa ne ya dawo, abin da kuɗin ke iya saya bai dawo ba.

Duk da haka, ajiye kuɗi a gida ma yana da tasa asarar. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 bisa alƙalumman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma wannan matsi, haɗe da rashin aikin yi, na cikin abin da ke tura matasa ga cinikin waya. Binciken bai ce a guji kasuwa ba. Abin da ya nuna shi ne sakamakon ya dogara sosai kan abubuwan da ke hannun mutum: yawan cinikin da yake yi, kuɗin hidimar da ake cire masa, yadda ya rarraba jarinsa, da ko da bashi yake juyawa. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho ƙarƙashin tsarin da aka fara a 2004 ya riga ya zama mai zuba jari na dogon zango, ko da bai taɓa buɗe manhajar ciniki ba. Ga masu kauce wa kuɗin ruwa, gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci, a 2017 da naira biliyan 100. Hukuncin halacci ko haramcin ciniki da ninkin jari kuwa fage ne na malamai, alƙalumman masana tattalin arziki ba su shiga cikinsa ba.

Rajistar da sabuwar doka ta wajabta tana rage haɗarin a gudu da kuɗin mutum, amma ba ta taɓa lissafin cinikin kansa. Ƙasashen da suka gane haka sun ƙara wasu matakai. A 2018 hukumar ESMA mai kula da kasuwannin kuɗi na Tarayyar Turai, bayan ta gano cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu ciniki da ninkin jari asara suke yi, ta taƙaita ninkin jari zuwa 30 a manyan kuɗaɗe da 2 a kirifto, ta kuma tilasta wa kowane dillali ya rubuta a tallarsa kashi nawa ne na abokan cinikinsa ke faɗuwa. Masu sukar matakin sun ce zai kori mutane zuwa dandalin ƙetare da babu mai sa musu ido, kuma baligi yana da 'yancin yin kasada da dukiyarsa. Masu goyon baya sun ce 'yancin ba ya cika sai mutum ya san alƙalumman kafin ya shiga.

Indiya ta bi irin wannan hanya a Oktoban 2024, ta ƙara mafi ƙarancin kuɗin da ake buƙata don ƙulla yarjejeniya, ta kuma rage yawan waɗanda ke ƙarewa mako-mako. Da hukumar SEBI ta sake duba lamarin a Yulin 2025, yawan masu shiga ya ragu bayan matakan, amma daga cikin waɗanda suka yi ciniki a shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris na 2025, kashi 91 asara suka yi, kuma jimillar asarar ta wannan shekara kaɗai ta haura rufi tiriliyan 1.